Zabirar Baba a Gaban Alƙali

Yau Laraba, ciwon ƙafar ya ɗan sake ni, tarin ma da sauƙi. Ina jiran Malam Ilu ya zo ya yi mini aski, sai na zaro zabirar Baba, Allah ya jiƙansa, na zauna ina ta dariya ni kaɗai.

Baba wanzami ne. Lokacin da ake kafa Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, wani ɗan sanda ya tare shi a unguwar Mokola, ya ga asake a zabirar nan, ya kai shi kotu da laifin yawo da makamai. Ɗauri ke jiransa.

Baturen alƙali ya ce, "Wa zai shaida cewa kayan aiki ne?"

Baba ya nuna tafintan kotun, wani Bayarabe, ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa wannan ya cire hularsa."

Tafinta ya fassara da bakinsa, ya cire. Ga tabon ƙaho uku a ƙeyarsa, aikin Baba na makon jiya! Alƙali ya yi dariya, ya sallami Baba.

Ku wa ya taɓa fitar da ku haka, ba ku zata ba?

Malam Ilu dai bai zo ba. Askin sai gobe.