Rabin Saƙon da Goggo Ta Kawo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya da su, amma makon da na kusa watsar da aikin Kumasi ba zai taɓa fita daga raina ba. Ko yanzu da tsufa ya kama ni, in na tuna sai in yi hamdala.

A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, saura 'yan shekaru. Mu Barebari ne, muna zaune a Fagge, ni kuwa kullum da safe sai in hau kekena in nufi Sabon Gari wurin koyon gyaran rediyo. Maigidana Kirista ne, mutumin kudancin Zariya, tsohon soja, a can ya koyo aikin wayar iska. Ga shi da faɗa kamar me, amma duk abin da ya taɓa sai ya tashi. Shekara biyar na yi a gabansa ina hura gawayi ina ɗora ƙarfen dalma, har na kai in an kawo rediyo, daga jin kukanta sai in gane wadda ta mutu a cikin 'yan kwalaben lantarkin da ke cikinta. Rediyoyin wancan zamani ba irin na yanzu ba ne da ake cusawa a aljihu. Akwatuna ne manya, batirinsu kaɗai sai ka sa hannu biyu.

Wata Litinin ina shiga shago ya miƙo mini takarda. Wani abokinsa na soja ne ya rubuto daga Kumasi ta ƙasar Gana, wadda a lokacin muke ce wa Gwalkwas. Kamfanin da yake wa aiki na neman mai gyara wanda ya ji Hausa, saboda mutanen zango, unguwar Hausawan can, kuma za su koya masa aikin manyan injunan wayar iska na shekara uku.

"Na riga na ce kai ne," in ji maigida. "Amma ranar Jumma'a zan buga musu waya, ko i ko a'a. In ba ka zuwa, akwai wani yana jira a Ikko."

Na yi ta juya takardar a hannu, baki ya ƙi rufuwa. Na ce masa sai na ji ta bakin gida. Ya ce ai dole, wanda ya tafi ba da albarkar uwa ba ko shi ba zai aika shi ba.

To a nan gizo ke saƙa. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, saura Inna, ni kuwa ɗan farinta ne. Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan ke nufi ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta tambayata ko na ci abinci. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta goya ni, ita ta yi mini wanka, ita ta yi mini duka. Gida ɗaya muke duka, ɗakin Inna na kallon na Goggo, amma in Inna na da magana da ni sai ta ce da Goggo, "Yaya, ki gaya wa ɗanki." Ni ma in na zo gaishe ta da safe daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa a ciki-ciki, in tashi. Haka muka taso, ba wanda ya ga aibin abin.

Saboda haka ban ko yi tunanin tunkararta ba. Na je na zauna a gaban Goggo na karanta mata takardar, na ce ta kai wa Inna maganar. Goggo ta murza zaren carbinta. Ta ce, "Gwalkwas? Inda ake shiga jirgin ruwa?" Na ce i. Ta ce to, za ta kai.

Talata ta wuce, ban ji komai ba. Laraba da na dawo daga aiki Goggo ta kira ni ɗakinta, ta ce ta kai saƙo. Na ce me Inna ta ce? Ta kawar da kai, ta ce, "Kuka ta yi. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta yi irin kukan nan ba, ko ranar da ubanka ya rasu."

Ban ƙara tambayar komai ba. Me zan tambaya? Matar da ba ta taɓa nuna ta san ina duniya ba ta yi kuka saboda zan tafi, ai amsa ta fito. Na tashi na fita. Ba zan ɓoye muku ba, ban ji tausayinta ba a ranar, haushi na ji. Na ce a raina shekara ashirin da huɗu ba ta ce mini uffan ba, sai yau da arzikina ya zo za ta tare hanya da hawaye. Allah ya yafe mini wannan tunani, amma na yi shi.

Ranar Alhamis na isa shago na tarar da maigida ya buɗe bayan wata rediyo. Na ce masa ya buga musu waya ya ce a ba na Ikko. Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwarka ta hana?" Na ce ta hana. Ya ce, "Me ta ce?" Na ce kuka ta yi.

Ya ajiye abin hannunsa ya dube ni. "Na tambaye ka abin da ta ce, kana ba ni labarin abin da ta yi. Kai ka ji da kunnenka?"

Na yi masa bayanin yadda muke a gida, duk da ya sani. Ya girgiza kai ya ce, "Ku Barebarin Fagge kun fi Kanawan ma kunya. Kai, in mai rediyo ya zo ya ce maka batir ne ya mutu, sai ka yarda? Ba sai ka buɗe ka gwada da kanka ba? Ni ma tawa uwar ta yi kuka ranar da zan tafi soja, kuma ita ta ƙulle mini kayana. Tashi ka tafi gida. Sai gobe da hantsi zan je gidan waya."

Na hau keke na koma Fagge. Abin da zan yi abu ne da ban taɓa yi ba, ban kuma taɓa jin ɗan fari ya yi ba a unguwarmu. Sai da na jira har bayan la'asar, lokacin Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Na zo na durƙusa, na gaishe ta, ta amsa. Maimakon in tashi kamar kullum sai na zauna daɓas a ƙasa. Na ga hannunta ya tsaya a cikin waken. Na ce, kaina a sunkuye, "Inna, na fasa tafiyar, tunda ba kya so. Na zo ne ki sani ban ƙi bin maganarki ba."

Ba ta dube ni ba. Can sai ta ɗaga murya ta ce, "Yaya! Yaya, fito."

Goggo ta fito tana gyara ɗankwali. Tana ganina a zaune a wurin ta san an gama.

"Yaya, abin da na ce ki gaya wa ɗanki ke nan?"

Goggo ta ce, "To ba ki yi kuka ba? Ƙarya na yi?"

"Na yi. Da na gama kuma me na ce?"

Goggo ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane. Inna ta ci gaba da magana, idonta na kan faifai. Ta ce, "Na ce kakansa da ƙafa ya taho daga Barno, ba wanda ya riƙe shi, shi ya sa muke da gidan nan. Na ce ya tafi, ya riƙe salla, kada ya ci abin da ba nasa ba. Na ce na yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka. Ki gaya masa yanzu, ina ji."

Goggo kuwa sai ta fashe da kuka, ta ce, "Ke kina da wasu huɗu. Ni shi kaɗai ne da ni."

Wallahi a wannan lokaci na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Ban yi fushi da Goggo ba, ban iya ba. Na matsa na riƙe hannunta, tana kuka tana maimaita mini maganar Inna ɗaya bayan ɗaya, Inna na gyara mata inda ta tsallake. Har dariya ta kusa kama ni, ga uwata taku uku daga inda nake, ana yi mini tafinta. Da aka zo kan albarka Goggo ta ƙara da tata.

Washegari tun kafin maigida ya buɗe shago ina bakin ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Batir ne?" Na ce ba batir ba ne. Muka tafi gidan waya tare.

Bayan mako biyu na shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can na hau na ruwa. Goggo ce ta raka ni tasha, ta riƙe tagar jirgi sai da aka janye ta. Inna ba ta fito ko zaure ba. Na yi shekarata uku, na dawo na same su duka biyun da rai da lafiya, kuma da sana'ar nan na ci da iyalina har ƙarfina ya ƙare.

Amma ba aikin ne ke sa ni hamdala in na tuna ba. Da maigida ya buga wayar nan ranar Alhamis kamar yadda na ce masa, da na zauna a Fagge ina kallon ƙofar Inna kullum da ƙulli a zuciya, ina ɗora mata laifin abin da ba ta yi ba, ita kuma tana tsammanin ni na raina albarkarta na ƙi tafiya. Kunya ba za ta bar ɗayanmu ya tambaya ba, da haka za mu rabu. Tun daga ranar na koyi cewa maganar da za ta juya rayuwar mutum ba a karɓarta a bakin ɗan aike, ko da mai ƙaunarka ne, domin mai ƙaunarka ma yana da abin da yake tsoron rasawa. Ka daure ka je ka zauna a gaban mai maganar, komai nauyin da kake ji, ka ji ta har ƙarshe.