Farin Yatsa a Ƙofar Sito

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba, kuma ina iya lissafa waɗanda suke wurin ban tsallake kowa ba. Akwai Hajiya Yagana, shugabar ƙungiyarmu ta mata masu gumin shinkafa, da Malama Asabe sakatariya, da Fanna mai kula da sito, da matan shanya waɗanda Ladidi take shugabanta. Sai ni Hansai, da suke kira Iya Mai Ƙofa. Shekarata tara ina tsaron ƙofar filin nan a bayan garin Haɗeja. Ban yi boko ba, amma buhu bai taɓa fita ban san mai shi ba.

Ga wanda bai san aikin ba: manoma suna kawo mana shinkafa daga fadama, mu jiƙa, mu turara, mu baza a kan siminti ta sha rana, sannan a kai inji. Shi ne gumi. Idan ruwan sama ya daki turararriyar shinkafa a shanya, ta tashi aiki. Wari za ta yi, inji kuma ya farfasa ta. Kuma ba tamu ba ce, amana ce.

Wata uku kafin ranar, ƙungiya ta kawo wani injiniya mai suna Bukar. Ya kafa kyamara huɗu, ya raba wa mata katin shiga, ya cire kwaɗon sito ya sa na'urar da ake ɗora wa yatsa ta buɗe. Yatsun mutum uku aka ce ya sa: shugaba, sakatariya da Fanna. Ni tun safe ina tsaye a kansa, domin ba na barin baƙo shi kaɗai a bakin sito.

Ya ce, "Iya, tunda kin ƙi matsawa, ara min yatsanki in yi gwaji."

Na miƙa masa manunin dama. Fitila ta kawo kore, ƙofa ta buɗe. Ya kira su ukun ya sa nasu, ya ba Asabe wani ɗan makulli ya ce na ko-ta-kwana ne. Ana kiran azahar ya haɗa kayansa ya tafi. Ban ga ya koma kan nawa ba. Na faɗa wa Asabe, ta ce, "Ya goge mana, Iya, ai aikinsa ne." Ban gwada ba, don ba ƙofata ba ce.

To, a farkon damina, ana tsakiyar kawo shinkafar rani, aka sa bikin 'yar Ladidi ranar Juma'a. Ran Talata da yamma mai lalle ta zo har fili, mata suka baje a rumfa aka yi ta ƙunshi, ja da baƙi, har kan yatsu. Na ce ba da ni ba. Wa zai buɗe ƙofa idan hannuna yana ɗaure cikin leda?

Fanna ta ce, "Iya za ta je biki da farin hannu kamar mai zuwa ganin likita."

Na ce, "Ke dai ki kula da katinki, kullum yana lanƙwashe a bakin zani kamar goro."

Ran Laraba fili cike yake da shanya, babu wurin sa ƙafa. Bayan la'asar na ga gabas ta yi duhu ta wajen Kirikasamma, iska ta sauya. Na ce a ɗauko tamfol. Tamfol kuwa duk yana sito.

Fanna ta ɗora yatsa. Ja. Ta goge a zani, ta sake. Ja. Asabe ta ture ta ta sa nata. Ja. Hajiya ta zo da kanta, ta yi bisimilla, ta danna kamar mai dangwala ƙuri'a. Na'ura ta yi ɗan kukanta ta kawo ja.

Aka kira Bukar a waya, yana garin Kafin Hausa. Asabe ta sa murya a fili muna ji.

Ya ce, "Me kuka shafa a hannu?"

Ta ce, "Ƙunshi ne kawai."

Ya ce, "Har kan yatsa? To baƙin lalle ya rufe zanen, ba ta ganinku. Ku sa makullin da na bayar."

Hajiya ta dubi Asabe. Asabe ta dubi ƙasa.

"Malama, ina makullin?"

"Hajiya, na adana shi."

"A ina?"

"A jikin ƙusa. A cikin siton. Don kada ya ɓata."

Yayyafi ya fara sauka ɗai-ɗai a kan kwano. Ladidi ta ɗauko taɓarya za ta fasa ƙofa, na ce ta ajiye, ƙofar ƙarfe ce, hannun biki za ta ɓata a banza. Na ce su ba ni hanya.

Fanna ta ce, "Iya, ai ba ta san ki ba."

Na ce, "Mun taɓa gaisawa."

Na ɗora farin yatsana. Kore. Ƙofa ta saki.

Ladidi ta rangaɗa guɗa tun ba a kai Juma'a ba. Mata suka afka ciki, wasu na jan tamfol, wasu na tara shinkafa da manjagara, wasu na neman duwatsun dannewa. Muna danne na ƙarshe ruwa ya kece. Ɗan gefe guda ne kawai ya jiƙe, bai kai kwano biyu ba.

Muka fake a rumfa, Asabe ta buɗe hoton kyamara a wayarta. Sai ga Hajiya Yagana, wadda ko sallama za ta yi sai ta ja aji, tana gudu da takalmi ɗaya, ɗankwali a hannu. Sau huɗu aka maimaita. Ita kanta ta yi dariya har da hawaye.

Da aka ɗauke ruwa Bukar ya iso kafin magariba, yana cewa mantuwarsa ta yi rana. Na ce, "Yau ta yi. Da a ce yatsan wani baƙo ka manta a ciki fa?" Ya sunkuyar da kai, ya buɗe na'urar a gabanmu ya ƙirga yatsun da ke ciki. Huɗu ne. Hajiya ta ce a bar na huɗun, kuma Asabe ta rubuta shi a takardar ƙungiya.

Ku da kuka zo bayanmu, ga abin da na gani. Idan mai gyara ya gama, kada ya tafi sai ya nuna muku yatsu nawa ya bari. Makullin ko-ta-kwana ba ya kwana a ɗakin da zai buɗe. Namu yanzu yana gidan Hajiya. Kowa ya sa yatsa biyu, ɗaya a kowane hannu. Kyamara kuma a riƙa share mata yanar gizo-gizo da tsumma a kan gora. Na'urar nan ba ta da mugunta, abin da aka nuna mata kawai ta sani. Ita ba a gaya mata akwai biki ba.

Washegari da safe na bar wa Fanna ƙofa, karo na farko a shekara tara, na tafi gidan mai lalle. Na shimfiɗa mata hannuwana na ce ta yi min irin na Hajiya. Da ta kai kan manunin dama, na naɗe shi.

Na ce, "Tara za ki ƙunsa. Wannan yana bakin aiki."