Gwadabe Baduku da Shari'ar Kabeji

Duk wanda ya san layin dukawa a Kasuwar Kurmi ya san Malam Gwadabe. Rumfata tana kallon tasa, shi ya sa na san halinsa ciki da bai. Mutum ne da ko kaji biyu ya tarar suna faɗa sai ya tsaya ya ji ta bakin kowace. Saboda wannan hali ne da aka buɗe wa 'yan unguwar Madabo zaure a Fesbuk aka ce shi zai zama adimin, wato mai tsawatarwa. Ya karɓa da bismilla, yana zaton sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza kawai zai riƙa dubawa.

Sai ga rigimar ɗan wake. Binta, wata bazawara mai marayu da take sayar da ɗan wake wajen Ƙofar Ɗan Agundi, ita ta sa hoton kwanonta: ga ƙwai, ga kabeji, ga tumatur. Ta wannan zauren take samun masu saye, ba ta da wata kafa. Kafin la'asar unguwa ta rabu biyu. Dattawa suka ce ɗan wake mai ne da yaji, ƙarin ganye bidi'a ce. Matasa suka ce ai ba aya ba ce. Har kakannin mutane aka tono, wai kakan wane ba a cikin ganuwa aka haife shi ba, ina zai san ɗan wake.

A zauren akwai wurin da ake dannawa a kai ƙara, an yi shi ne don masu zagi da 'yan damfara. To, sai aka mayar da shi gora. Binta na sa hoto, ƙararraki za su zubo, wai tashin hankali ne, wai batsa ce. Kabeji fa! Idan ƙara ta yi yawa hoton sai ya ɓuya har adimin ya duba, shi kuwa Gwadabe yana fama da fata da basilla, kafin ya duba ɗan wake ya huce. Ranar da Binta ta zo rumfarsa ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi jiya ita da yaranta suka cinye tukunyar. Wallahi ni da nake gefe sai da raina ya ɓaci.

Adimin yana ganin sunan mai ƙara. Gwadabe ya duba, na ga ya cire hula ya mayar. Ashe duk daga gida ɗaya suke fitowa, gidan Alhaji Isiyaku, mahaifin matarsa Jummai. Tsohon tattara wayoyin gidan yake yi bayan azahar, ta uwargida, ta jikoki, har ta mai wanki, yana dannawa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai san Gwadabe ba ba zai gane girman abin ba. Tun da ya auri Jummai bai taɓa furta sunan surukinsa ba. Idan wani Isiyaku ya zo sayen takalmi, "mai sunan Baba" yake ce masa. Idan ya hango tsohon a lungu, sai ya juya ya bi ta wani ko da zai zagaye unguwa. Ga doka kuma shi da kansa ya kafa ta: duk wanda ya yi ƙarar ƙarya za a rufe masa baki a zauren mako guda. Ya riga ya yi wa wani tela haka, telan kuma bai manta ba, kullum yana tambaya a zaure ko dokar ta talakawa ce kaɗai.

Na ba shi shawara ya danna wurin rufe bakin daga rumfa a wuce wurin. Ya ce ba a hukunta babba daga nesa kamar ana jifan mangwaro. Ya rufe rumfa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi. Na bi shi, don gaskiya ba na son a ba ni labari.

A ƙofar zauren gidan ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa kansa a ƙasa. To, mai kansa a ƙasa kwano yake fara gani. Ga shi nan gaban Alhaji, ɗan wake ne, ƙwai a yanke, kabeji har yana zuba. Ledar Binta ma tana gefe. Alhaji ya ja gefen riga zai rufe, rigar ba ta kai ba.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa. Sannan Gwadabe ya fito da waya.

"Baba, na zo neman izini ne. Doka ta hau kan wani babba."

Alhaji ya dubi kwanon, ya ce, "To, a yi wa babban abin da aka yi wa tela." Da Gwadabe ya danna, sai tsohon ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kabejin nan, likita ne ya ce."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba."

A hanya ya sa na rantse ba zan kai zancen kwanon zauren Fesbuk ba, wai hukunci daban, tonon silili daban. Ban kai ba sai yau da Alhajin da kansa yake ba da labarin yana dariya.

Washegari hoton Binta ya tsaya, tukunya ta ƙare kafin la'asar. Jummai kuwa, duk makon nan ɗan wake ta riƙa aiko wa mijinta rumfa, ba ƙwai, ba kabeji, ko mai babu. Ya cinye tas kullum, bai kai ƙara ba.