Takalman Kafaran a Gulbin Kaba

Da asubar fari muka bar Dakoro, ko zakarun unguwarmu ba su gama gardama ba. Mu uku ne: ni, da gwaggona, da ɗanta, taubashina, wanda kuke kira Kafaran, tsohon sojin nan da Faransa ta kai yaƙi ƙasar Andushin, can gabas mai nisa, ƙetaren teku. Kun dame ni da "ba mu labarin Maradi", to ku zauna. Amma mai jiran in sa shi dariya ya yi haƙuri, yau bakina ba gishiri.

Kun san yadda ya dawo mana: ba ya taka jiƙaƙƙar ƙasa sai da takalman soji, manya, baƙaƙe. Damina kowa ƙafa a ƙasa cikin gona, shi yana fama da igiyar takalmi. Ni na laƙa mashi Nasaran Gona, tunda wasan taubasai ba shi da alƙali. To bana masassara ta kama shi, ta tafi ta dawo, tari ya biyo, ƙurji ya fito mashi a ƙwauri. Wanzami ya yi sakiya, mugunya ta fita, wani ƙurjin ya tsiro gefe. Majo, malamin ɗakin maganinmu, ya ce wannan ya fi ƙarfinshi, in ana son mutumin da rai a kai shi Maradi. Kafaran ya fi ni Faransanci nesa, amma in zafi ya hau ba ya sanin inda yake. Shi ya sa aka ce in bi su, ni da na ɗan leƙa lekol, makarantar Nasara, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni.

Kamiyon, babbar motar wani mai fataucin fatu, muka samu. Warin fatun nan, ko kura sai ta toshe hanci. Bisa kayan akwai wata tsohuwa da kajinta, da wani Buzu da tun da muka tashi idanunshi kaɗai na gani. Hanya yashi ce, mota tana tari kamar majinyacinmu, gero kore shar dama da hagu.

Azahar ta same mu Kornaka. Masu fura da suka ga mutanen mota sai dunƙulen ya ƙanƙance, kuɗin ya girma, amma nonon, gaskiya, ya fi namu kauri. Kafaran ko kurɓa bai yi ba. Ya cire takalma ya yi alwala, ya yi salla a zaune, barci ya kwashe shi gindin aduwa.

Ga takalma a sake, ga taubashi a tsaye. Kun san al'ada: abin da taubashi ya tsinta, sai an fansa. Na watsar da faɗena, ɗan takalmin fatar da ke ƙafata, na zura nashi, na yi ta fareti gaban 'yan matan fura ina sara masu. Da ya farka ya ce, "Bawana, ba ni takalmana."

Na ce, "Farin goro, Nasaran Gona, ko ka shiga Maradi da ƙafar da Allah ya ba ka."

Aka kwashe da dariya. Gwaggo ta ce, "Kai dai ba ka girma." Shi ba shi da ƙarfin gardama. Karen mota ya yi kira, muka hau.

A Gulbin Kaba abin ya faru. An yi ruwa, kwarin nan mai goriba ya zama taɓo, mota ta nutse har ciki. Mai tuƙi ya ce kowa ya sauka ya ƙetare da ƙafa. Ni na riga kowa, tunda ina da takalma. Da na waiwaya sai ga Kafaran tsaye bakin taɓo yana kallonshi kamar mai kallon kububuwa. Maimakon in gane, sai na ɗaga murya: "Kai da ka yi yaƙi, laka ke ba ka tsoro?"

Ya shiga. Taɓo ya kai mashi gwiwa, tsumman da aka ɗaure ciwon ya kwance ya tsaya can. Da ya fito bai dube ni ba, leɓɓanshi na motsi yana kiran sunayen wasu mutane da ban sani ba. Buzun nan ya kwance salkarshi ya wanke mashi ƙafar. Na cire takalman na miƙa, amma kafin mu wuce Tibiri ƙafar ta kumbura, ba ta shiga. Faɗena kuwa yana Kornaka. Dole na maida su ƙafata.

Maradi gari ne, jama'a. Hanyoyin sabon gari miƙe kamar an ja da igiya, kekuna ko'ina, ƙamshin ƙuli-ƙuli da tuyar mai. Ban ɗanɗana komai ba. Asibiti muka nufa, Kafaran bisa bayana, jikinshi kamar garwashi.

Likitan Nasara ne, shi ma ya yi aikin soji. Da muka shiga ƙafafuna ya fara duba, ya tambaye ni wace runduna na yi. Na so ƙasa ta tsage. Na nuna mashi mai takalman. Da ya ji sunan Andushin sai fuskarshi ta canza. Ya ce yana zaton wani ciwo, meliyoyidoz, sunan da ya kusa karya mani harshe, kuma in faɗa wa uwar duk abin da zai ce.

Haka na tsaya, da bakina, ina juya wa gwaggo: ciwon nan cikin taɓo da ruwan gonakin shinkafa yake zaune. Ta tsaga ko rauni a ƙafa yake shiga. Yana iya kwanciya cikin jiki shekaru, mutum na ganin ya tsira, sannan ya tashi. Ya kwashe sojoji da yawa a can, wasu kafin a gane sun tafi. Sakiya ba ta kai inda yake. Magani akwai, amma doguwar hanya ce: kwanciya asibiti da allurai, bayan nan ƙwayoyi wata da watanni, in aka yanke ya dawo. Ko akwai shi cikin taɓon ƙasarmu? Ya ce bai sani ba, ba wanda ya bincika.

Sannan ya buɗe ciwon, ya ga sauran laka ciki. Ya ce, "Tambaye ta, wa ya bar mai buɗaɗɗen ciwo ya shiga taɓo?"

Gwaggo ba ta jin Faransanci. Da na so, ina iya ce mata yana tambayar ko mun ci abinci. Amma na juya mata daidai yadda ya faɗa. Ƙafafuna kawai ta duba.

Da aka auna mugunyar, zatonshi ya tabbata. Muka yi ta zaman jira, ni ɗiban ruwa da neman itace, gwaggo dahuwa ƙarƙashin itacen bedi tare da sauran masu jinya. Kowa da ka tambaya ya bar gona ba mai nomewa. Sannu a hankali zafin ya fara sauka. Ranar da ya gane ni na ajiye takalman bakin gadonshi, na ce, "Kafaran, ga kayanka, ba fansa."

Ya daɗe yana dubansu. Ya ce, "Waɗanda na kira a gulbi, tare muka shiga ruwan shinkafa. Ni kaɗai na dawo." Ya tura mani su da hannu. "Gerona yana jiran maimai. Ka sa su ka shiga, kada in ji ka taka jiƙaƙƙar ƙasa da wannan fason naka. Bawa mai tsada ne kai, ba ni son asara."

Na dawo ni kaɗai. Shi da gwaggo suna can, likita bai ce ya warke ba, ya dai ce yana da rabo in ya riƙe magani. Abin da tafiyar nan ta koya mani: in ka ga namiji yana tsoron abin da yaro ba ya tsoro, ka tambaye shi abin da ya gani kafin ka buɗe baki.

Jiya kuna wucewa kun gan ni cikin gonarshi da takalman, kun yi ta kiran Nasaran Gona. Na ji ku. Ku ci gaba, ba ni cire su.