Jitar Yayana da Katakon Maɗaci

Yayana ya dawo Gwarzo daga Kano da wata jar jita mai aiki da lantarki. Da ita yake kiɗa a gidajen biki. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa, don haka duk wayar da ta tsinke a jikinta ni yake kawo wa.

Wata damina yana dawowa daga Madadi, babur ya zame da shi a taɓo. Shi bai ji ciwo ba, amma katakon jitar ya tsage gida biyu. Muka kai ta wajen wani kafinta a Kabo, ya auna tsohon, ya sassaƙa sabo da maɗaci. Ni na mayar da wuyanta da tsirkiyoyi da ƙananan maganaɗisun da ke ɗaukar sauti.

Yaya ya jona ta da sifika, ya ɗan kaɗa, sai ya tsaya.

"Wannan ba muryarta ba ce," ya ce.

"Yaya, katako ai ba ya shiga waya. Maganaɗisu ne ke jin motsin tsirkiya, kuma nata na mayar."

"To me ya sa ta yi duhu? Da garau take fita."

Na kasa kunne iya ƙoƙarina, ban ji bambanci ba. Masu biki ma ba wanda ya yi ƙorafi. Shi dai kullum ya sauko daga wasa fuskarsa ba walwala. A hankali ya fara ƙin karɓar gayyata, daga baya ya koma ƙauyen Kara ya rungumi noma.

Duk lokacin da na kai masa ziyara sai gardamar ta taso, muna yi muna dariya. Muka shirya zan kawo wani tsohon kaset da aka ɗauke shi kafin faɗuwar, ya kaɗa waƙar da ke ciki da jitar mai sabon katako, mu kwatanta. Idan na zo da kaset yana gona, idan yana gida babu wuta. Ana haka ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan rasuwarsa na sa wani makaɗi ya kaɗa mini waƙar da jitar. Sautin ya bambanta ƙwarai da na kaset, amma hannun ma ba ɗaya ba ne. Na yi masa godiya, na raka shi bakin titi ya hau mota.