Bindigar da Tanimu Ya Ce Ta Mutu

Wata rana, wani mai kiwon kaji a bayan garin Zariya ya zauna a kan turmi a tsakar gidan gonarsa, da bindigar iska a cinyarsa, ransa a ɓace.

Bari in kira shi Tanimu. Da bakinsa ya ba ni labarin nan, ya kuma ce in faɗa wa mutane.

Gafiyoyi ne suka addabe shi. Su fasa buhun dusa, su shanye ƙwai, su ja 'yan tsaki zuwa rami. Shi ya sa ya sayi bindigar, irin wadda ake ɗura wa iska da famfo ta taru a wata kwalbar ƙarfe, tana harba ɗan ƙwayar dalma kamar ƙwayar dawa. A jikinta akwai ɗan agogo mai allura da ke nuna yawan iskar da ke ciki.

Wata shida tana yi masa aiki lafiya lau.

Sai ya ga wani bidiyo a waya, wai ana iya ƙara mata ƙarfi. Ya kwance ta a kan tabarma, ya taɓa nan, ya goge can, ya mayar ya ɗaure.

Ya harbi gwangwanin madara.

Fis.

Gwangwanin da a da take fasawa gaba da baya, yanzu ko lotsawa bai yi ba.

Ya ce a ransa iska ce ta yi kaɗan. Ya kama famfo ya yi ta bugawa har allura ta taɓa jan layi. Ya gwada, abin ya ƙara lalacewa. Ya sake bugawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har allura ta haye jan layin ta wuce.

Wannan karon dalmar faɗuwa ta yi a ƙasa, taku goma daga inda yake zaune.

Matarsa, Ladidi, ta fito da kwanon awo a hannu, ta tsaya suka yi magana kaɗan, ta wuce. Hankalinsa na kan bindiga. Bai ɗaga kai ya ga inda ta nufa ba.

Ya kira Baba Ilu, wani dattijo da ke gyara wa mafarauta bindigogi. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Yana jira, yana sa dalma, yana harba wa ƙofar siton dusa, ƙofar kwano ce da ke fuskantarsa. Ba don komai ba, don haushi kawai.

Ƙwas. Dalma ta bugi kwano ta faɗi.

Ƙwas.

Ya harba ya kai goma sha biyar. Ƙarar tana ɗan ƙaruwa kaɗan-kaɗan, amma bai kula ba.

A kira na huɗu Baba Ilu ya ɗauka. Tanimu ya maƙale waya a kafaɗa, ya sake sa dalma, ya zayyana masa komai.

"Baba, bindigar nan ta mutu. Saurara ma ka ji."

"Dakata, Tanimu. Allurar tana ina?"

"Ɗazu ta wuce ja. Yanzu tana saukowa."

"Inna lillahi! Ba mutuwa ta yi ba, shaƙe ta ka yi. Iskar ce ta yi yawa ta danne bawul ɗin da ke sakinta, ya kasa buɗewa. Duk harbin da ka yi ragewa take, ƙarfin yana dawowa. Cire hannunka daga kunama! Ina bakinta yake kallo?"

Yatsan ya riga ya ja.

TAS!

Kaji dubu suka yi tsit lokaci guda.

Tanimu ya ce wannan ba ƙarar da ya saba ji ba ce. Ya ɗaga kai. A tsakiyar ƙofar sito, daidai ƙirjin mutum, ga ɗan rami baƙi.

Sai ya ji wani abu ya faɗi a ciki, yana gangarawa a kan siminti, yana ƙara, har ya tsaya.

Kwanon awo ne.

"Ladidi?"



"Ladidi!"

Wayar tana ƙasa, muryar Baba Ilu na fitowa daga cikinta, yana kiran sunansa. Tsakaninsa da ƙofar bai kai taku goma ba. Da rarrafe ya ƙarasa. Ya kama marikin ƙofar, ya kasa ja, domin muddin bai buɗe ba, bai san abin da zai tarar ba tukuna.

Ya buɗe.

Tana zaune a kan buhu, idonta a buɗe, hannunta dafe da gefen wuya. Jini na bi ta tsakanin yatsunta yana sauka a kan hijabi. Ta buɗe baki za ta yi magana, murya ta ƙi fita.

Bai san yadda ya ɗauke ta ba. Maƙwabcinsa ne ya ja mota, shi yana baya yana danne wurin da hularsa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya duba ko ƙirjinta na motsi. Ya ce addu'o'in da ya haddace tun yana yaro duk suka gudu daga kansa, "Ya Allah" kawai yake iya maimaitawa.

A asibiti aka ɗauki hoton wuyan. Likita ya kira shi gefe, ya nuna masa wani ɗan farin ɗigo, sannan ya nuna masa inda babbar jijiyar jini ta bi. Tsakaninsu bai kai faɗin farce ba.

Likitocin suka yi shawara suka ce ba za su ciro dalmar ba. Taɓa wurin ya fi barinsa haɗari.

Sai rana ta uku muryarta ta dawo, a dashe. Tanimu na durƙushe a gefen gado, ya kasa haɗa ido da ita. Ya tambaye ta abin da ya hana shi barci: tunda tana jin dalma na bugun ƙofa, me ya sa ba ta yi magana ba?

Ta ce, "Baban Nusaiba, ai kai ka ce min ko ɗan tsako ba za ta kashe ba. Ni kuwa ban taɓa jin ka yi min ƙarya ba."

 

Shekara biyu ke nan. Ladidi tana raye, tana awon dusarta. Dalmar tana nan a wuyanta. Duk sanda ta yi tari cikin barci, sai ya tashi zaune.

Darasi:

Babu bindigar da ta mutu. Ko ta iska ce, ko ka rantse ba ta da ƙarfi, kada ka nuna bakinta inda ba ka ga abin da ke bayansa ba.

Abin da ba ka san yadda aka haɗa shi ba, kada ka kwance shi don bidiyon minti biyar. In ya rikice, ajiye shi, ka kai wa masu shi.

Kuma ka kula da abin da kake tabbatar wa iyalinka. Ba sa bincike. Yarda suke yi.

In ka san gidan da ake ajiye irin wannan bindiga, tura musu wannan yau, kafin wani ya zauna gwaji a tsakar gida.