Inna Tafasa da Tsohuwar Motar Daji

Shekara talatin da ɗaya Inna Tafasa ta yi a ɗakin wanke kayan tiyata na wani asibiti, kuma a nan ta samo sunan. Almakashi, wuƙaƙe, 'yan kwanonin da ake zuba abin da aka ciro daga cikin mutum, duk ta hannunta suke bi. Takan dirje su da buroshi, ta ɗauraye, ta jera a tukunyar tururi, ta tsaya a kansu tana kallon agogo. Likitoci sun fi shakkarta a kan shugaban asibitin. Ta taɓa mayar da wani babban likita daga bakin ƙofar tiyata don ta hango baƙi a ƙarƙashin farcensa.

Jini bai taɓa damunta ba, balle mugunya. Abin da take ƙyama shi ne dattin da aka ɓoye, a share sama a bar ƙasa. Da ta yi ritaya sai ta kwaso halin ta dawo da shi gida. Cokulanta ma tafasa su take yi. Tsakar gidanta siminti ne, kullum a wanke, har jikokinta kan ce ana iya cin abinci a ƙasa ba faranti, ita kuwa ta ce duk wanda ya gwada zai sha mari.

Mijinta mai awon filaye ne, shi ya sa ake ce masa Mai Awo, shi ma ya ajiye aiki. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ko takalmi ba ya saye sai ya tambaye ta. Ƙuruciyarsa duk a daji ya yi ta, da igiyar awo da turaku, a bayan wata motar ma'aikata mai ja da taya huɗu, irin mai rufin tamfol ɗin nan da ba ta san rami ba. Bai taɓa tuƙa ta ba, akwai direba. Amma labarinta bai bar bakinsa ba har ya yi furfura.

Wata safiya tana shanya sai ta ji hayaniya a ƙofar gida. Ta leƙa ta ga wata motar ɗaukar kaya tana jan wani abu kore da igiya, Mai Awo na zaune a cikin abin, ya riƙe sitiyari, baki har kunne.

"Malam, mene ne wannan?"

"Maman Auta, irin tamu ce! Irin ta sak. Yanzu ba a ƙera kamarta."

"To me ya sa ake janta kamar akuya?"

"Batir ne kawai. Dillalin ya ce batir ne kawai."

Ta matso. Motar ta girmi babban ɗansu. An yi mata sabon fenti mai sheƙi, har kan robar gilashi da gefen tayoyi fentin ya hau. Ta buɗe ƙofa, wani ƙamshin turaren fesawa ya bugi hancinta, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari da ta sani sarai daga wurin aiki. Ta rufe ƙofar a hankali, ta je ta wanke hannu, sannan ta kira ƙaninta a waya.

Ƙanin nata bakanike ne. Ya zo ya zagaya motar sau biyu. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashinta, ya soka sukuddireba a jikin ƙarfen da ke ɗauke da ita, sukuddireban ya shige kamar an soka shi a burodi. Garin tsatsa ya zubo masa a fuska.

"Yaya," ya ce yana tofar da yawu, "wannan fenti ne yake riƙe da ita. An cike ramukan da kwali, an shafe da foti, kwaɓin nan na masu gyaran jikin mota. Kayan gyaranta kuwa an daina yin su tun ina koyon aiki. Ga shan mai kamar rijiya."

"Amma injin fa?" in ji Mai Awo. "Injin irin na da ne."

"Ai shi ya sa, Yallaɓai. Na da ne."

Dillalin da ya sayar da ita kuwa tuni wayarsa ta daina shiga.

Inna Tafasa ba ta yi faɗa ba. Ta ce tunda abin ya shigo gidanta, ba zai kwana da ƙazanta ba. Ta sa safar hannu, ta ɗaure hanci, ta ɗaga kujerar baya. Jaba ce ta yi sheƙa a cikin soson, ta haihu, ta mutu a wurin ita da 'ya'yanta, sun bushe sun manne da waya. Ɗinkin kujerun cike da kuɗin cizo. Da ta yaye sabuwar dardumar da aka shimfiɗa a ƙasa, sai ta hango simintin gidanta ta wani rami da zai ɗauki ƙafar mutum. Wato wani ya ga duk wannan da idonsa, ya shimfiɗa darduma, ya fesa turare, ya dubi tsoho mai furfura ya ce masa batir ne kawai. Wannan ya fi jabar tayar mata da zuciya. Kwana uku tana zuba tafasasshen ruwa, kwana uku ba ta iya cin abin kirki ba.

Wata bakwai motar ta yi a tsakar gida kafin ta tashi. Baƙin mai ya ɗiga ya shige cikin siminti, ta wanke da sabulu, ta wanke da toka, tabon na nan kamar taswira. Hannun Mai Awo ya koma baƙi, ya bar shaidar yatsu a bangon falo da jikin zanen gado. Ya riƙa yawo garejin da ake yanka matattun motoci, yana dawowa da ƙarafa a leda yana murna kamar ya yi tsintuwa. Ranar da ta shiga kicin ta tarar ya ɗora kafireto a tukunyarta ta miya yana dafawa, ta tsaya ta dube shi.

"Bakaniken ne ya ce a tafasa," ya ce da ƙaramar murya. "Na zaci za ki ji daɗi."

Ta sauke tukunyar da tsumma, ta kai waje ta ajiye masa. "Taka ce har abada," ta ce.

Da damina ta yi nisa, autarsu da ke aure a wata gona bayan rafi ta haihu. Hanyar ta lalace, motocin haya sun daina shiga. Mai Awo ya ce ranar motarsa ta zo. Inna Tafasa ta shimfiɗa leda a kujera, ta ɗora ƙafa a kan katakon da aka toshe ramin da shi, suka kama hanya.

Gaskiya motar ta yi abin mamaki. Suka wuce sababbin motoci biyu da suka kafe a laka, masu su na tsaye wando a naɗe. Ta shiga rafin tana gurnani ta fita. Mai Awo yana ta waƙa da muryar da rabon ta ji tun suna sababbin aure, yana nuna mata duwatsun da ya taɓa kafa turaku a gindinsu. Ta dube shi ta gefen ido, ta ga ya zubar da shekara talatin. Har ta fara tunanin ko ta matsa masa da yawa.

A dawowa, sun fito kan kwalta mai santsi, daidai bakin kasuwa, lagireto, tankin ruwan injin, ya fashe. Tururi ya turnuƙe, hayaƙin salansa ya biyo ta ramin ƙasa, katakon ya zame, ruwan kwatar da suka tsaya a kai ya fantsamo mata har ƙirji. Ruwan da mahauta ke wanke hanji ne. Ta fito ta durƙusa a gefen titi ta yi amai a gaban jama'a, ita da ta yi shekara talatin da ɗaya tana kallon cikin mutum ba ta taɓa yi ba.

Bayan wannan Mai Awo da kansa ya yi sanyi. Ya ce a sayar. Aka yi wata biyu ba mai tayawa, sai ga wani matashi da matarsa, 'yan gayu, sun ga hotonta a waya. Suna ta shafa ta suna ɗaukar hoto. Mai Awo ya sunkuyar da kai ya ce, "Lafiyarta ƙalau, sai 'yan ƙananan abubuwa."

Inna Tafasa tana bakin ƙofar kicin. Ba abin da take so a duniya kamar ta ga bayan motar nan, kuma shiru kawai ake buƙata daga gare ta.

"'Yata, zo nan," ta ce wa matar. Ta ɗaga katakon ta nuna mata ramin. Ta ba ta labarin jaba, da kwali, da lagireto, da ruwan hanji, ba ta rage komai ba. Mai Awo kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Matashin ya yi dariya. "Mama, ai wannan shi ne daɗinta! Tana da tarihi."

Suka saya. Ta yi tsaki ta koma ciki. Mai Awo ya daɗe tsaye a ƙofa bayan sun tafi, ta kai masa kujera da ruwan sanyi.

Bayan mako biyu tana cikin tasi za ta dubo jika, ta hango motar a gefen titi da tsakar rana, bonet a buɗe. Matashin da ya saye ta ya tafi neman taimako. Matar na zaune a kan dutse, takalmi mai tsini a hannu, da ciki ɗan wata biyar wanda Inna Tafasa ba ta lura da shi ba a ranar ciniki.

"Direba, tsaya."

Ta sauke gilashi. "'Yata, taso ki shigo. Hayaƙin nan ba na mai ciki ba ne."

Matar ta taso tana share ido, ta shiga. "Mama, kin faɗa mana."

"Na faɗa. Matsa can kaɗan, akwai baƙin mai a rigarki. Ina ne gidanku?"